Fankar Umma da Tsofaffin Batiran Laftof

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tun duhun nan na ƙarshen Oktoban bara, da arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta, na ƙudura a raina cewa bazara mai zuwa ba za ta riske mu a haka ba. Umma tana fama da hawan jini, zafi kuma ba ya barinta ta runtsa. A kwanakin duhun a tsakar gida ta riƙa kwana da mafici a hannu, sauro na gasa mata aya. Ƙaramin janaretanmu yana zaure an lulluɓe shi da buhu, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a tayar da shi sai da babban dalili. Ga azumi kuma, lissafi ya nuna farkon Maris zai kama, daidai lokacin da Zariya ke fara tafasa.

Inbata da manyan batira sun fi ƙarfin aljihuna. A wani shagon kwamfuta a Samaru nake aiki, muna buga wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello takardu, abin da ake samu kuma ya danganta da ko makaranta tana ci ko tana hutu. Don haka na rage buri. Abin da nake so shi ne fanka ɗaya ta kwana tana juyawa a ɗakin Umma, ƙwan fitila biyu, da cajin wayoyi biyu. Na yi lissafi a bayan rasit: fankar za ta ja kamar wat 10 na awa tara, ƙwayaye biyu masu wat 3 na awa huɗu, wayoyin su ci kamar 30. Idan aka ninka wat da awa aka tara, duka bai kai wat-awa 150 ba.

A cikin tsohon batirin laftof, irin mai ƙaton doron nan, akwai ƙwayoyi zagayayyu da ake kira 18650, saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Sau da yawa idan batirin ya mutu, biyu ne kawai suka lalace suka ja wa sauran. Waɗannan sauran nake nema.

Asabar, 18 ga Janairu

Na wuni a unguwar PZ, nan Zariya. Na shiga wajen masu gyaran kwamfuta shago shago ina tambayar matattun batira. Biyu na farko suka ce 'yan gwangwan sun riga sun kwashe. Na uku wani dattijo ne da gilashi a goshi, ya janyo kwali daga ƙarƙashin teburi, ƙura ta tashi.

Na ware sirara masu faɗi na ajiye gefe. Na sababbin laftof ne, abin da ke cikinsu shimfiɗaɗɗe ne kamar biskit, ba zai yi mini aiki ba. Na zaɓi goma sha ɗaya masu doro. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ban taɓa shi ba.

"Baba, nawa za ka bar mini?"

"Dubu biyu-biyu."

"Haba Baba, matattu ne fa. Ni kaina ban san abin da zan tarar a ciki ba. Ɗari takwas-takwas."

"Albarka. Yaro, da ba su da amfani ba za ka baro gida ka zo nemansu ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban musa ba. Na gaya masa ainihin abin da zan yi da su, da wanda nake yi dominta. Ya sauko da gilashinsa ya dube ni, ya tambayi unguwarmu, na ce Tudun Wada. Muka daidaita a kan naira 12,000 gaba ɗaya. Da zan tafi ya kira ni ya ce kada in kuskura in ɓalle su da wuƙa a kan katifa, kuma in ajiye bokitin yashi kusa da ni. Ya nuna mini wani baƙin tabo a gefen teburinsa, bai ƙara komai ba.

Daga nan na taka zuwa wajen masu kayan rediyo na sayi ƙananan allunan caji huɗu, TP4056, ɗari shida-shida, da ɗan allon da ke auna yawan wutar da ƙwaya ke riƙewa, 3,500. Mitar awo ina da ita tun ina makaranta.

Lahadi, 19 ga Janairu

A tsakar gida na zauna kan siminti, bokitin yashi a dama, na ce wa ƙanwata ta riƙe yaran maƙwabta a zaure. Robar batiran manne take da gam, sai an bi tsagin gefe da sukudireba a hankali har ta buɗe baki. Goma suna da shida-shida, ɗaya yana da huɗu. Ƙwaya 64.

Abin da na fi kiyayewa shi ne rigar ledar da ke jikin kowace. Duk gwangwanin ƙwayar, tun daga gindi har kafaɗa, ɓangare ɗaya ne na wutar. Ɗan maɓallin da ke ka shi kaɗai ne ɗaya ɓangaren. Tsakaninsu bai wuce kaurin farce ba. Idan ledar ta yage a kafaɗa, ƙarfe ya gifta, tartsatsi ne nan take. Huɗu sun yage a hannuna, na naɗe su da salatif tun kafin in ajiye.

Sai awo. Cikakkiyar ƙwaya tana nuna bolt 4.2, idan ta ƙare ta sauko wajen 3. Duk wadda na tarar ƙasa da 2 na fitar da ita, don wadda ta daɗe a can ƙasa cikinta ya riga ya taɓu, ko ta karɓi caji ba abar amincewa ba ce a ɗakin da mutum ke barci. Sha bakwai suka fita. Na rubuta wa sauran 47 lamba a jiki da maka.

Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Babana, wannan tarkacen duk na mene ne?" Sunan mahaifinta gare ni, ba ta faɗarsa. Na ce mata iska nake haɗa mata. Ta ce Allah ya taimaka, ta koma.

Laraba, 22 ga Janairu

A gida wutar ba ta tsayawa yadda za a yi caji mai tsari, don haka na roƙi maigidana a shago. Ya ce ba damuwa muddin ba zan bar su a jone mu tashi ba.

Akwai wata matacciyar kwamfutar teburi a lungun shagon, na ciro akwatin wutarta. Irin wannan akwatin ba ya tashi shi kaɗai sai an haɗa koriyar wayarsa da baƙa. Jajayen wayoyin bolt 5 suke bayarwa, daidai abin da allunan caji ke so. Na jera huɗun a kan katako, kowane da ƙwayarsa. Jar fitila tana ci, idan ta canza launi ta cika. Kamar awa uku kowace ke ɗauka.

Tsakanin bugun takarda da bugun takarda nakan miƙa hannu in taɓa su da bayan yatsa. Ya kamata su tsaya da sanyinsu ko ɗumi kaɗan. Lamba 23 ta yi zafin da ban iya riƙe ta ba, ta kuma maƙale a 4.0 ta ƙi gaba. Na zare ta na kai waje na sa a gwangwanin yashi. Irin wannan, wutar da ake ɗura mata zafi take komawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na yi asarar 4,000. A hanyar dawowa na ga wani mai tebur a bakin kasuwar Sabon Gari da ƙwayoyi sababbi ƙal, an rubuta 9900mAh a jiki, wato yawan wutar da aka ce kowace na riƙewa, dubu ɗaya-ɗaya. Na san mafi kyawun 18650 na gaske ba ta wuce wajen 3500 ba, amma gajiyar awo ta sa na ce ko rabin rabin abin da aka rubuta suka bayar na ci riba. Na ɗauki huɗu.

Tun a hannu ya kamata in gane. Ta gaske tana da nauyi, wajen giram 45. Waɗannan kamar ba komai a ciki. Na ɗora ɗaya a kan allon awo, 480 ta bayar. Wata tsohuwar ƙwaya da na ciro daga mataccen batiri, wadda ta yi shekaru a kwali, ta ba da 2,050.

Kawu da ya ji labari ya ce araha ba ta ado. Ban yarda da shi duka ba. Tsofaffin sun fi sababbin araha, ga shi kuma su ne na ƙwarai. Bambancin kawai, su na auna kafin in dogara da su, waɗannan kuwa rubutun jikinsu na saya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An gama awo. Biyar sun yi zafi wajen caji. Sauran na bar su kwana goma a kwali ba a taɓa ba, shida suka zube da kansu zuwa ƙasa da 4.0, su ma na cire. Cikin 36 da suka rage, tara ba su kai 1,500 ba. Saura 27 masu kyau, tsakanin 1,700 da 2,200.

Taran nan masu rauni ba su lalace ba, tocila za su yi wa aiki, na riga na ba maƙwabcinmu biyu. Matattun kuwa na liƙe bakinsu da salatif na tara a gwangwanin madara. Ba za su je bola ba. A unguwarmu wuta ake cinna wa shara da yamma, yara na wasa a gefe, ƙwayar nan kuma idan ta ji wuta fashewa take.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tsarin shi ne layi uku, kowane layi ƙwaya takwas, uku su zauna a ajiye. Layi uku a jere suna ba da bolt 12.6 idan sun cika, wajen 11 a tsakiyar aiki, abin da fankar ke buƙata ke nan.

Daren jiya na raba su a takarda, kuma wannan ya fi komai cin lokaci. Dole jimlar kowane layi ta yi kusa da ta 'yan'uwansa, in ba haka ba mai rauni zai riga ƙarewa, ya sa a yanke wuta alhali sauran na da saura. Na yi ta musanya lambobi, in ɗauke mai ƙarfi daga nan in kai can, har kowane layi ya tsaya a wajen 15,300, bambancinsu bai kai 100 ba. Idan aka ninka wannan da bolt ɗin, duka akwatin zai riƙe kusan wat-awa 170, ni kuma 150 nake nema. Ya isa, amma ba rara mai yawa.

Ban yi musu dalma ba. Zafin ƙarfen dalma yana daɗewa a kan ƙwaya, yana cutar da cikinta. Akwai wani mai gyaran fankoki masu caji a Sabon Gari da ke da injin ɗinki na tartsatsi, wanda ke manna siririn ƙarfe a ƙiftawar ido. Ya karɓi 5,000 har da ƙarfen. Kafin ya fara ya sa mita a kan kowace ɗaya, ya ce, "Malam, ka daidaita su kuwa?" Na ce duk suna 4.1. Ya gyaɗa kai. Idan aka haɗa cikakkiya da wadda ba ta cika ba a layi ɗaya, wuta ce za ta kwarara daga wannan zuwa waccan ba birki.

Allon kariya, wanda masu sana'ar ke kira BMS, na saye shi 3,000. Shi ke yanke wuta idan wani layi ya cika fiye da kima, ko ya sauka da yawa, ko wayoyi suka haɗu. Na ƙara fis mai amfiya 10 dab da bakin batirin. Akwatin kuwa tsohon akwatin ƙarfe ne na kayan aikin marigayi Baba, na shimfiɗa katako a ciki, na huda gefe don iska.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Fankar ba sabuwa ba ce. Umma tana da mai caji da yayata ta kawo mata shekaru uku da suka wuce, batirinta na dalma ya kumbura aka jingine ta bayan ƙofa. Injinta lafiya lau, na bolt 12 ne. Na cire kumburarren batirin na jona wayoyina a gurbinsa. Igiyar da ake sa ta a soket kuwa na cire ta gaba ɗaya na ɓoye, don cajar da ke cikin fankar ta batirin dalma ce, tana tura wutar da ta fi ƙarfin nawa. Ba na son wata rana a kawo wuta wani ya jona da kyakkyawar niyya.

Akwatin yana baranda a inuwa, waya ce kawai ta shiga ɗakin ta taga. Ba na ajiye shi inda ake kwana.

Bayan magariba aka sanar an ga wata, gobe azumi. Muka dawo daga asham na kunna. Umma ta zauna bakin gado, iskar na kaɗa gefen mayafinta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Babana. Allah ya ba ka masu yi maka." Na fita tsakar gida na ɗan tsaya.

Lahadi, 9 ga Maris

Kwana tara ke nan. A lamba biyu fankar tana kaiwa sahur har ta wuce asuba. A lamba uku tana mutuwa wajen ƙarfe uku na dare.

Wahalar ita ce caji. Kullum da safe sai in saka akwatin a jaka in hau bas daga Tudun Wada zuwa Samaru, in jona shi a shago da caja mai bolt 12.6 da na saya 6,000. Amfiya 2 take bayarwa, sai ya yi awa takwas. Da azumi a baki, ɗaukarsa a cunkoson Kwangila da la'asar ba ƙaramin aiki ba ne. Yau kuma Lahadi ba shago, wuta ba ta zo ba, daren yau sai mafici.

Asabar, 15 ga Maris

An biya ni kuɗin wani babban aiki da na buga wa ɗalibin digiri na biyu, yayata ta cika mini 10,000, na tafi neman farantin sola na hannu.

Da gangan na isa ƙarfe goma sha biyu, da mita a aljihu. Mai shagon ya nuna mini uku a jingine. Na farko gilashinsa ya tsage a kusurwa, damina na zuwa ruwa zai shiga. Na biyu an rubuta wat 150 a bayansa, amma girmansa bai kai na ukun ba, wanda aka rubuta wa 100. Rubutun baya kowa na iya liƙawa, faɗin faranti kuwa ba ya ƙarya.

Na ce, "Alhaji, a ba ni izini in fitar da su rana."

Ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ke nan?"

"Na yarda da kai, Alhaji. Kai ma sayowa ka yi."

Ya yi dariya ya sa yaronsa ya fitar. Mai 100 ya nuna bolt 21 ba a jona komai ba, da na juya mita zuwa amfiya ya ba da 5.1. Mai 150 ɗin 3.4 ya bayar. Alhajin da kansa ya sunkuyo ya duba, ya ce a mayar da wannan ciki a cire masa takardar. Ya fara da 45,000, na taya 28,000, muka yi ta ja har na yi sallama na fara tafiya, ya kira ni a 32,000. Ya ƙara mini waya yadi biyar gyara.

A Keke Napep na kawo shi, ina rungume da shi kamar madubin amarya.

Talata, 18 ga Maris

Na ɗora shi a rufin kicin. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka kudu ya kamata ya kalla, da ɗan karkata kaɗan. Ban nemi kamfas ba. Na fuskanci alƙibla, na juya shi wajen hannun damana, na ɗaga bayansa da katako.

Na'urar da ke tsakanin faranti da batiri, kwantirola, na saye ta 9,000, kuma saura ƙiris ta yi mini ɓarna. Daga kamfani an saita ta ne don batirin dalma, tana kai caji har 14.4. Nawa iyakarsa 12.6. Na lura ne da azahar da na ga allon kariya ya yanke, lambobin fuskarta suna tsalle. Na sauke wayar farantin da sauri. Takardar da ke cikin kwalin ƙananan rubutu ce, sai da ƙanwata ta haska mini da waya muka gano inda ake canzawa. Na sa ta tsaya a 12.5, ta yanke kaya a 9.9. An rasa ɗan kaɗan a sama da ƙasa, amma ƙwayoyin tsofaffi ne, sassaucin zai ƙara musu kwana.

Ƙa'idar jonawa na rubuta ta a murfin akwatin saboda ranar da ba na nan: batiri ake fara sawa, sannan faranti. Wajen cirewa faranti ne farko.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Tun da farantin ya hau ban sake ɗaukar akwati zuwa Samaru ba, kafin la'asar ya cika. Goman ƙarshe Umma ta yi tahajjud ɗinta a ɗaki da fitila da iska.

Makon jiya na ga cajin yana ja baya, ƙarfe huɗu bai cika ba. Na hau tsani na tarar ƙura ta yi masa fari fat, da kashin tattabarun maƙwabta a layi ɗaya. Na wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, amfiya ta tashi daga 3 zuwa kusan 5. Yanzu duk bayan kwana uku nake hawa.

Na tara rasit. Da wayoyi da fis da ƙwayayen fitila na 7,500, da asarar jabun nan, komai ya kama naira 84,400 cikin wata uku. Matan da suka zo gaisuwar Sallah sun ga fanka na juyawa unguwa ba wuta, biyu sun aiko 'ya'yansu tambaya. Na ce musu zan nuna wa duk mai so yadda ake awo, amma ba zan haɗa wa kowa na sayarwa ba tukuna, sai nawa ya ga damina.

Asabar, 3 ga Mayu

Daren Alhamis aka yi iska mai ƙarfi da ɗan ruwa. Katakon da na tokare farantin da shi ya goce, Allah ya sa wayar ɗaurin ta riƙe. Jiya na je wajen mai walda a bakin titi ya yanka mini ƙarfe biyu masu kusurwa, yau na ɗaure da noti. Inda waya ta ratsa ta taga ruwa ya biyo ta har bango, na lanƙwasa ta ta yi ciki ƙasa kafin ta shiga, yadda ɗigon zai sauka a waje.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Kwana uku ke nan fankar na tsayawa kafin asuba ko a lamba biyu. Na auna layukan da safe: na farko 3.52, na uku 3.50, na tsakiya 3.21. Wata ƙwaya a layin tsakiya ta fara zubar da wuta, tana jan 'yan'uwanta bakwai. Gano ta sai an ɓalle ƙarfen layin duka, an bar su kwanaki a rarrabe, an ga wadda ta sauka. Ina da uku a ajiye, lamba 8 da 31 da 40. Mai injin ɗinki ya ce in kawo ranar Litinin bayan azahar. Na gaya wa Umma za ta yi kamar mako ɗaya ba fanka, ta ce ai garin ya fara sanyi, in yi aikina a nutse.